Gidan Haya ko Gidan Kanmu: Manhajar da Za Mu Gina Shafin Ƙungiya da Ita

Jawabin da kwamitin shafin intanet ya gabatar a taron bikin zagayowar ranar kafa ƙungiya



Hajiya Shugaba, iyayen ƙungiya, shugabannin rassa, yayyenmu da ƙannenmu, da baƙin da suka taho taya mu murna, barkanmu da ganin wannan rana. Mun gode da aka ba mu fili a tsakiyar biki. Mun san akwai masu jiran a kai ga rabon kyaututtuka, ga kuma ƙamshin abinci yana tasowa daga bayan rumfa, saboda haka ba za mu yi ta kewaye-kewaye ba.

Babban taron da ya wuce ya ɗora mana aiki guda: mu bincika, mu dawo da shawara a kan manhajar da za a gina wa ƙungiya shafin intanet da ita. Yau mun zo da amsa. Sai dai kuɗin da za a kashe daga zubinku zai fito, sunaye da hotunan da za su hau shafin kuma naku ne. Don haka za mu faɗi abin da muka zaɓa, mu faɗi dalili, mu faɗi abin da ke ba mu tsoro a cikinsa, sannan ku yanke hukunci.

Ai muna da WhatsApp, me ya kawo maganar shafi?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi mana, kuma tambaya ce mai kyau. Zaurenmu na WhatsApp yana aiki, ba wanda ya ce a rufe shi. A nan ake sanar da haihuwa da rashi, a nan ake tuna wa juna ranar zubi. Amma ku gwada neman sanarwar da aka yi wata huɗu da suka wuce a kan farashin buhun gyaɗa. Sai kin ratsa gaisuwar Juma'a da hotunan biki da saƙonnin murya kafin ki iso, in ma kin iso. Wadda ta canza waya ko aka sace mata, sau da yawa tarihin ya tafi kenan. Mai saye daga Abuja ko Legas da ya ji labarin man gyaɗarmu kuwa, ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

To Facebook fa? Shi ma yana da amfani, kuma za mu ci gaba da tallata kaya a can. Amma rumfa ce a kasuwar wani. Ranar 4 ga Oktoba 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida, duniya duka. A nan Najeriya an dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Kamfanin Google da kansa ya rufe dandalinsa na Google+ a 2019, waɗanda suka tara jama'a a can suka watse. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Akwai kuma dalilin da ya shafi asalin irin tafiyarmu. Tun daga masaƙa da sauran masu sana'a 28 da suka buɗe shagon haɗin gwiwa a Rochdale ta Ingila a 1844, har zuwa ƙa'idoji bakwai da ƙungiyar haɗin gwiwa ta duniya ta tabbatar a 1995, ana jaddada abu biyu da suka shafe mu a yau: ƙungiya ta tsaya da ƙafarta, kuma ta ilimantar da 'ya'yanta ta sanar da su abin da ke gudana. Shafin da yake namu, wanda kowane reshe ke sa hannu a ciki, yana cikin wannan.

Abu uku da ake haɗawa a sami shafi

Kafin mu shiga sunayen manhajoji, bari mu raba abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa.

Na farko, suna, wato adireshin da mutum zai rubuta ya iso gare mu. Ba a sayensa a mallake shi har abada, haya ake biya shekara-shekara. Sunayen da suka ƙare da .ng suna hannun hukumar NiRA, kuma akwai .org.ng da aka ware wa ƙungiyoyi irin tamu. Ana biya da naira ta hannun dillalan da hukumar ta amince da su.

Na biyu, masauki. Kwamfuta ce ta wani kamfani da ba a kashewa dare da rana, a cikinta ake ajiye rubuce-rubucenmu da hotunanmu. Shi ma haya ne.

Na uku, manhajar sarrafa shafi, wadda ita ce aikin da kuka ba mu. Ita ce ke sa mace ta buɗe waya, ta rubuta labari, ta liƙa hoto, ta danna, labarin ya fito, ba tare da ta san komai a harkar rubuta manhaja ba. Ita ce kuma ke tantance wa zai shiga ina. In kun ɗauki suna a matsayin lambar shago, masauki a matsayin fili, to manhajar ita ce ginin: kantoci, ɗakin ajiya, ƙofofi da makullai.

Ma'aunin da muka yi awo da shi

Mai sayen hatsi da tiyarsa yake zuwa kasuwa. Mu ma da tambayoyi shida muka je.

Ɗaya: za a iya aiki da ita a wayar Android mai sauƙin kuɗi, da data kaɗan, a inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa? Yawancinmu ba mu da kwamfuta, kuma ba za mu saya don wannan ba.

Biyu: mata da yawa za su iya rubutu, amma a sami mai dubawa kafin ya fita? Shafi ne na taron jama'a. Kalma ɗaya da aka ɗora cikin fushi tana iya haɗa rassa biyu faɗa.

Uku: za ta karɓi Hausa yadda take, da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ? Fada daban, faɗa daban. Muna kuma da iyaye da suka fi sakewa da ajami, da waɗanda suka fi son a yi musu magana su saurara.

Huɗu: in muka gaji da ita ko da kamfanin masauki, za mu iya kwashe kayanmu mu koma wani wuri?

Biyar: in ta lalace, akwai mai gyara a kusa, wanda za mu iya biya?

Shida: da wane kuɗi ake biya, naira ko dala? Duk wadda ke sayen zare ko sinadarin sabulu ta san abin da ya sami naira tun daga Yunin 2023. Kuɗin da ake biya da dala ba a iya yi masa kasafi a farkon shekara.

Waɗanda muka duba

Muka fara da masu sauƙi, irin waɗanda kamfani ɗaya ke ba ka komai a haɗe. Wix, wanda aka kafa a 2006, yana da daɗin aiki, ka ja hoto ka ajiye inda kake so. Amma shafin da aka gina a Wix, a Wix yake zama, ba a ɗaukarsa a kai wani masauki. In ana son tashi, sai a sake gini daga tushe. Na kyautarsa kuma yana ɗauke da tallar kamfanin da sunan kamfanin a cikin adireshi. Ya faɗi a tambaya ta huɗu.

Blogger na Google kyauta ne, yana da sauƙi, kuma yana karɓar marubuta da yawa. Matsalarsa, matsayi biyu kawai ya sani: mai gida da marubuci. Marubucin kuma da ya gama sai ya wallafa abinsa, babu matakin mai dubawa a tsakani. Ya faɗi a tambaya ta biyu.

Daga nan muka koma ga manhajojin da ba na kamfani ɗaya ba ne. Waɗannan suna ƙarƙashin wani lasisi da ake kira GPL, wanda ya ba kowa 'yancin ya ɗauka kyauta, ya yi amfani, ya gyara, ya raba. Guda huɗu muka duba.

MediaWiki ita ce manhajar da Wikipedia ke tafiya a kanta, har da Wikipedia ta Hausa, don haka babu shakka tana ɗaukar haruffanmu. Babu wadda ta kai ta iya haɗa hannu da yawa a kan rubutu ɗaya: duk gyaran da aka yi tana ajiye shi da sunan mai shi da lokacinsa. Da littafin koyar da sana'a kawai za mu haɗa, yadda ake daddawa, yadda ake turaren wuta, da ita za mu ɗauka. Sai dai an gina ta ne don komai ya zama a buɗe, masu ita ma sun faɗa cewa ba a tsara ta don ɓoye wasu shafuka daga wasu mutane ba. Kuma ba ta dace da baje kolin kaya ba.

Drupal ta fito a 2001, wani ɗalibi ɗan Beljiyam mai suna Dries Buytaert ya fara ta. Wajen rabon makullai ba ta da na biyu: za ka iya cewa wance ta ga wannan, ta gyara wancan, kada ta taɓa ɗayan, har ƙwaya-ƙwaya. Shafin Fadar Shugaban Amurka ya hau kanta a 2009. Amma mota ce babba da ke son ƙwararren direba da ƙwararren bakanike. Ga misali: Drupal 7 ta fito a 2011, aka daina kula da ita a Janairun 2025, kuma komawa sabuwar daga ita kusan sabon gini ne. Ƙungiyar da ke da ma'aikacin kwamfuta na dindindin za ta iya. Mu ba mu da shi.

Joomla ta fito a 2005. Sunan ma zai ba ku dariya, daga kalmar Suwahili “jumla” aka samo shi, wadda ita ce dai jimlar da ma'ajinmu ke faɗa mana a ƙarshen lissafi. Tana tsakiya: ta fi WordPress tsarin makullai tun daga akwati, tana kuma ɗaukar harsuna da yawa ba tare da an ƙara mata komai ba. Mun so ta ƙwarai. Inda ta gaza shi ne tambaya ta biyar. Da muka zaga wajen matasan da ke wannan sana'a a garin nan, kusan duk wanda muka tambaya WordPress ya iya, masu Joomla sai an tona.

Sai WordPress. Ta fito a 2003, Matt Mullenweg ɗan Amurka da Mike Little ɗan Ingila suka fara ta. Bisa ƙididdigar W3Techs, fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet a duniya a kanta suke. Ba don yawan jama'a muka bi ta ba, don abin da yawan ke haifarwa ne: masu gyara sun yi yawa, darussan koyo sun yi yawa, kamfanonin masauki na cikin gida da ke karɓar naira duk sun san ta.

A kula da abu ɗaya a nan, don kada wani ya ruɗe mu. WordPress biyu ne. Akwai WordPress.com, wanda masauki ne na wani kamfani mai suna Automattic. Akwai kuma manhajar kanta da ake ɗauka kyauta a WordPress.org a ɗora a masaukin da mutum ya ga dama. Ta biyun muke nufi.

Ba a takarda kawai muka tsaya ba, gani ya kori ji. Mun kafa shafukan gwaji, muka roƙi mata biyar daga rassa daban-daban, ciki har da wadda ba ta taɓa buɗe imel ba, kowace ta ɗora hoton kayanta da farashi daga wayarta. A WordPress ne aka fi saurin gamawa ba tare da an karɓi wayar an yi wa mace ba. Haruffa masu ƙugiya sun fito daidai, rubutun ajami ya zauna daga dama zuwa hagu, saƙon murya ma ya hau ya kunnu.

Shawararmu, da yadda za a raba makullai

Shawarar kwamiti ita ce a gina shafin da WordPress, a masaukin da ake biya da naira, da suna mai ƙarewa da .org.ng.

WordPress tana zuwa da matsayi biyar, kuma sun zauna daidai da tsarinmu kamar an auna.

Mai karatu: kowace 'yar ƙungiya da ta yi rajista. Tana shiga, tana gyara bayanin kanta, ba ta taɓa na kowa.

Mai ba da gudummawa: tana rubuta labari ta tura, amma ba zai fita ba sai an duba. Wakilan rassa za su fara daga nan. Ku sani, wannan matsayi ba ya ɗora hoto da kansa, don haka wakiliya za ta tura hoton wa edita. Wasu za su ga kamar wahala ce. Mu muna ganin alheri ne, domin a hoto aka fi samun matsala.

Marubuciya: tana wallafa nata da kanta, da hotuna, amma ba ta taɓa na wata. Wakiliyar da ta daɗe tana turo aiki mai tsafta za a ɗaga ta zuwa nan.

Edita: tana duba na kowa, ta gyara, ta wallafa, ta sauke. Muna ba da shawarar editoci uku, daga rassa uku daban, babban taro ya zaɓe su kamar yadda yake zaɓen sauran shugabanni.

Mai babban makulli: ita ke iya ƙara mutum, cire mutum, canza fasalin shafi, har ma rushe shi. Wannan kada ya wuce mutum biyu, kuma duka su zama 'yan ƙungiya.

Manhajar tana ajiye tsofaffin kwafin kowane rubutu. In an goge wani sakin layi bisa kuskure, ana iya dawo da shi, ana kuma ganin wadda ta yi gyaran. Wannan kaɗai zai kashe rabin “ba ni ba ce”.

Abin da ke ba mu tsoro

Yanzu ga ɗaya gefen, don kada a ce mun zo talla.

Na farko, kutse. Inda jama'a suka yi yawa, nan ɓarayi ke taruwa. WordPress tana da ƙananan manhajoji da ake liƙa mata don ta yi ƙarin aiki, sun fi 50,000, kuma yawancin ɓarakar da ake samu ta wajensu take shigowa, musamman waɗanda aka bari ba a sabunta ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dokarmu: kada a liƙa ko ɗaya sai kwamiti ya amince, kada su wuce abin da za a ƙirga da yatsun hannu ɗaya, kuma kada a karɓi na sata da wani zai ce ya samo kyauta. Araha ba ta ado. Duk wata, mai babban makulli ta shiga ta sabunta.

Na biyu, kyauta ba ta nufin babu kashe kuɗi. Manhajar ce kyauta. Suna da masauki duk shekara ake biya, wanda zai gina mana a biya shi, horo yana cin kuɗin mota da data. Mun karɓo farashi a rubuce daga kamfanoni uku, suna hannun ma'aji, duk mai so ta duba kafin a kaɗa ƙuri'a. Abu ɗaya da bai kamata a caje mu ba shi ne ɗan kwaɗon nan da ke fitowa a gefen adireshi, alamar cewa an tsare hanyar shiga. Akwai Let's Encrypt da ke ba da shi kyauta, kuma masaukai da yawa suna haɗawa da shi.

Na uku, ita ma WordPress ba ta rasa rigimar cikin gida ba. A 2024 an yi babban saɓani tsakanin kamfanin Automattic da wani kamfanin masauki mai suna WP Engine, har aka je kotu. Abin da ya kwantar mana da hankali shi ne lasisin: manhajar da muka ɗora a masaukinmu ba mai iya ƙwace mana ita, kuma tana da hanyar fitar da duk rubuce-rubuce a fayil guda in mun tashi ƙaura.

Na huɗu, kuma wannan ya fi duka, shafin da aka buɗe da guɗa aka bar shi ya mutu. Duk mun taɓa ganin shafin da labarinsa na ƙarshe na shekara uku da suka wuce ne. Mai saye ya gani sai ya ɗauka ƙungiyar ma ta watse. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. In rassa ba su shirya turo labari ko da ɗaya a wata ba, ku faɗa yau, mu bar kuɗin a asusu.

Abin da ba zai hau shafi ba

Iyayenmu, wannan ɓangaren naku ne, domin ku kuka fi nuna damuwa, kuma kuna da gaskiya.

Littafin zubi da na bashi ba za su hau ba. Wa ta ci bashi, nawa, wa ta makara, wannan tsakaninta da ma'aji ne. Lambar asusun banki ta mutum, BVN, NIN, adireshin gida, duk ba za su hau ba, ko a ɗakin da aka ce na 'yan ƙungiya ne kaɗai. WordPress ba akwatin ajiyar sirri ba ce, allon sanarwa ce da rumfar baje koli. Littafinmu na takarda yana nan daram. Waɗanda ke da dangi a Zamfara sun tuna Satumbar 2021 da aka rufe layukan waya, ranar da takarda ce kawai ta yi magana.

Hoton mace ba zai hau ba sai da yardarta, a rubuce ko a gaban shaidu biyu. Wadda gidanta ba a son fuskarta ta fita, a ɗauki hoton kayan, ko hannunta a kan aiki, ya wadatar. Wadda ta yarda yau ta fasa gobe, a sauke ba tare da an tambaye ta dalili ba. Hotunan yara kuwa, sai da izinin iyaye. Wannan ba kara ce kawai ba, doka ce. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ba mutum haƙƙin ya san abin da ake yi da bayanansa, ya kuma janye yardarsa, kuma akwai hukumar da ke sa ido a kai.

Maganar sayarwa da karɓar kuɗi ta shafin, mu bar ta tukuna. Hanya tana nan: akwai WooCommerce da ke mai da WordPress shago, akwai kamfanonin karɓar kuɗi na gida irin Paystack da Flutterwave. Amma kafin a karɓi kuɗin mutum, sai an san wa zai ɗaure kaya, wa zai kai tasha, wa zai amsa in man ya zube a hanya. Shekarar farko, hoto da farashi da lambar wayar ofis sun isa.

Sunan wa za a rubuta?

Akwai wata ƙungiyar mata a wata jiha da muka yi magana da shugabanninta. Wani matashi mai kirki ya gina musu shafi, ya yi rajistar suna da imel ɗinsa, ya biya da katinsa. Ya sami aiki ya bar garin, lambarsa ta canza. Shekara ta zagayo, haya ta ƙare, ba wadda ta san inda ake biya. Shafin ya tafi da duk abin da ke ciki. Ba wanda ya cuci wani, tsari ne babu.

Saboda haka muke cewa: a buɗe imel na ƙungiya, da shi za a yi rajistar suna da masauki, da sunan ƙungiya kamar yadda yake a takardar rajistarmu. A biya daga asusun ƙungiya. Kalmomin sirri a rubuta, a sa a ambulan, a liƙe, a ajiye inda ake ajiye takardar rajista. Ranar sabunta haya ta shiga kalandar sakatariya, wata biyu kafin lokaci. Wanda zai gina mana, ɗanmu ne ko baƙo, a ba shi makulli na wucin gadi, ya gama a karɓe, a canza kalmar sirri. Ba rashin yarda ba ne, ai ko magini in ya gama ɗaki miƙa makulli yake yi. Kuma duk wata a sauke kwafin shafin gaba ɗaya a ajiye wuri biyu, ɗaya a wajen sakatariya, ɗaya a wajen ma'aji.

Ga waɗanda ba su karatun boko, ko suke da ƙaramar waya, ba a bar ku a baya ba. Kowace muhimmiyar sanarwa za ta fito da rubutu da kuma murya. Wakiliyar reshe za ta kunna a taron mako. Wadda ke da labari ko dabarar sana'a da take son a adana, ta faɗa da baki, wakiliya ta rubuta, sunan mai maganar ne zai hau. Editoci kuma za su riƙa rage nauyin hoto kafin su ɗora, domin hoton waya ɗaya kan kai megabayit 3 ko 4, kuma datar mai buɗewa yake ci.

Abin da muke roƙo ku yanke yau

Abu huɗu ne, kuma Hajiya Shugaba za ta sa a ɗaga hannu a kan kowanne daban.

Ɗaya, a amince da WordPress, a masaukin naira, da sunan .org.ng mallakar ƙungiya.

Biyu, a ware kuɗin shekara biyu tun yanzu a cikin kasafi, don kada shafin ya dogara da karo-karon gaggawa.

Uku, a zaɓi editoci uku da masu babban makulli biyu, kowane reshe kuma ya ba da wakiliya ɗaya kafin taron wata mai zuwa. Muna roƙon a haɗa babba da yarinya: yarinyar ta san waya, babbar ta san abin da ake faɗa da wanda ba a faɗa.

Huɗu, a rubuta dokar hoto da ta sirrin bashi a cikin dokokin ƙungiya, yadda ko shugabanci ya canza, tana nan.

In shekara ta zagayo, a wannan taro, editoci su zo da rahoto: labarai nawa suka hau, daga waɗanne rassa, masu saye nawa suka kira ta dalilin shafin, nawa aka kashe. In ya biya, a ci gaba. In bai biya ba, ku ne masu cewa a gyara ko a tsaya, kuma rubuce-rubucenmu da hotunanmu suna hannunmu ko ta yaya aka yanke.

Wadda ke da tambaya ko ja, yanzu ne lokacinta, kada a bari sai an fita a yi ta a bakin ƙofa. Wayoyin gwaji suna kan teburin baya, mata biyu daga kwamiti suna zaune a wurin, duk mai so ta je ta taɓa da hannunta kafin a ɗaga hannu.

 Allah ya maimaita mana, ya ƙara wa ƙungiya albarka.